Jan ƙyalle a wutsiyar a-kori-kura

1/ Jama'a, yau zan yi zare kan abin da ba na jin an taɓa yi masa zare: yadda ake ɗaura dogayen gora da sandunan fatsa a bayan a-kori-kura. Na san wani zai ce wannan ma magana ce? Ku yi haƙuri ku karanta. Ni ɗan masunta ne daga ƙasar Yauri, kuma na yi shekara uku ina bin motar kawuna. Na ga abin da sanda ɗaya take yi wa mutum.

2/ Sai kun fara gane me ya sa muke yawo da su a mota. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tashi mutum fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawan da ke zaune a kan gungu. Tafkin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ya cika, ya ja baya, kifi ya bi shi, masunci ya bi kifi.

3/ Wanda ke tunga a Shanga bana, wataƙila baɗi ka same shi wajen Wara a ƙasar Ngaski. Jirgi yakan bi ruwa. Amma iyali da tukwane da taru da mamari, da gorar tura jirgi da gwangwalar kafa rumfa, sau da yawa mota ce ke kai su. Motar kuwa a-kori-kura ce, don ita ke iya shiga hanyoyin tunga.

4/ Ga inda matsalar take. Bayan Hilux mai ƙofa huɗu bai fi mita ɗaya da rabi ba. Gorar tura jirgi kuwa takan kai mita biyar ko shida. Ku yi lissafi da kanku. Fiye da rabin sandar a waje take, ko a saman kan direba, ko tana reto a baya daidai fuskar mai mashin.

5/ Abin da Kawu ya fara koya mini: ba a loda sanda ɗaya-ɗaya. A ƙasa za ka jera su, gindi wajen gindi, tsini wajen tsini, ka ɗaure su dami guda a wuri uku. Sanda ɗaya tana iya zamewa ta fita ba ka sani ba. Dami kuwa kafin ya motsa sai ka ji.

6/ Na biyu: damin ya hau kan ƙarfen da masu walda ke kafawa a bayan motar, gaba da baya, sama da kan fasinja. Gindi ya kalli gaba, don a nan nauyi yake, kuma shi ne ba ya lanƙwasa idan iska ta buge shi. Inda gora ta taɓa ƙarfe, ka sa tsohon buhu. In ba haka ba, kafin ku isa ƙarfe ya ci ta, ranar da za a tura jirgi da ita sai ta tsage.

7/ Na uku, kuma a nan yawancin yaran mota ke yin ha'inci: robar tsohuwar taya. Tana da sauƙin ɗauri, tana kama kaya tsam. Amma roba miƙewa take yi, rana kuma tana cin ta. Kawu yakan ce mini, "Kai yaro, robar nan ta hana ƙara ce kawai. Igiya ce ke riƙe kaya." Igiya gaba, igiya baya, sannan roba a kai.

8/ Ko kun san me ya sa? Idan direba ya taka birki da ƙarfi, mota ta tsaya, damin bai san an tsaya ba. Gaba zai yi kamar an jefa mashi. In kuma aka sha kwana, wutsiyar damin tana share gefen hanya, wurin da ita motar ba ta ma kai ba. Mai tallan da ke tsaye yana ganin ya kauce wa mota, ashe bai kauce wa gora ba.

9/ Na ga haka da idona wata ranar kasuwa a Yelwa. Wata mota da ke gabanmu ta ɗauko gwangwala, babu ko tsumma a wutsiya. Magariba ta gabato. Wani mai mashin ɗauke da mace da goyo yana biye da ita. Direba ya rage gudu don rami, mai mashin yana kallon fitilar mota, bai ga sandar ba. Ta same shi a kafaɗa, suka zube su uku.

10/ Allah Ya kiyaye, jaririn bai ji komai ba. Amma shi mutumin hannunsa ya karye, kuma da mashin ɗin yake ciyar da gida. Direban yana ta rantsuwa bai yi gudu ba. Gaskiya ya faɗa, bai yi gudu ba. Ƙyalle ne kawai bai ɗaura ba.

11/ Jan ƙyallen nan ba ado ba ne. Gora siririya ce, kalarta kalar ƙura, wanda ke bayanka tsininta kawai yake fuskanta, ido ba ya iya auna nisanta. Ƙyalle yana kaɗawa, shi ke gaya wa na baya inda motarka ta ƙare da gaske. Tsohuwar jar riga ma ta isa. In tafiyar dare ce, a ɗaura ƙaramar cocila. In da hali ma a jira safiya.

12/ Sauran ƙananan abubuwa. A cire ƙugiya daga kowace sandar fatsa kafin a loda, don yara da mata ne ke zama a ƙarƙashinta. Kada a tsayar da sanda tana kallon sama, akwai wayar wuta da rassan itace a shigar gari. Sannan bayan an yi ɗan nisa a tsaya a sake jan igiya. Gargada tana sassauta kowane ƙulli.

13/ Ku kuma samarin da ke sayen sandar fatsa ta zamani, ku zo bakin tafki ranar hutu ku ɗauki hoto da karfasa ko tarwaɗa: tsininta ya fi na gora saurin karyewa. Mai naɗewa, ku naɗe ta. Wadda ba ta naɗewa, ku sayi bututun ruwa na roba, ku zura ta ciki da tsumma, ku toshe bakin, ku ɗaure bututun. Kuɗinsa bai kai na sabuwar sanda ba.

14/ Mu mutanen bakin ruwa mun san abin da "ai ba komai" ke jawowa. Ranar 26 ga Mayu 2021, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Wara. Har yau akwai gidajen da ba su warke ba. Allah Ya jiƙansu. Lodin da muke yi a tudu da wanda muke yi a ruwa, hali ɗaya ne ke yin su.

15/ Ba na ganin laifin masunci don ya matsa a tafi. Gorar nan da tarun nan su ne jarinsa, kwana ɗaya a hanya kwana ɗaya ne ba kamu. Direba ma sawu yake ƙirgawa. Amma duk abin da na lissafa bai wuce aikin minti goma ba.

16/ Don haka in kana tasha ka ga an loda dogon kaya ba ƙyalle, ka yi magana. Ba sai da faɗa ba. "Direba, sannu da aiki, a taimaka a sa wa wutsiyar nan ja." Yawancinsu za su sa. In kai ne a kan mashin a baya, ka ba da tazara, kada ka yarda da fitilar mota kaɗai.

17/ Mutanen Yauri, Ngaski da Shanga, in akwai wani ƙulli ko dabarar ɗauri da kuke yi a wajenku, ku ajiye a ƙasa mu ƙaru. Ku tura wa direban da kuka sani. Allah Ya kai kowa gida lafiya.