Dukushi da Sirdin Gaggawa

Masu iya magana kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun daɗe muna karantar da wannan karin magana a aji, amma sai da muka kusa nakasa wani dukushi sannan muka gane cewa ɗanyen icce ma yakan karye idan hannu ya yi nauyi.

Shekaru shida da suka wuce muka sayi dukushin nan a Jimeta, yana ɗan shekara biyu. Burinmu kuwa shi ne mu hau shi ranar Hawan Sallah a Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, mu shiga sahun mahaya a ƙofar fadar Lamiɗo. Da yake Sallah ta ƙarato, cikin kwana goma muka sa masa linzami, muka ɗaura sirdi, muka haye. Nan take ya yi tutsu, ya watsar da mu. Kafin mako ya zagayo gadon bayansa ya yi gyambo, da ya hango sirdi sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Sai muka nemo wani dattijo daga cikin garin Yola, wanda ya tsufa a barga. Ya buɗe bakin dokin, ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ai wannan yaro ne, ko haƙoran nono bai fara zubarwa ba."

Gaskiyarsa kuwa. Doki yakan fara sauya haƙoran gaba yana shekara biyu da rabi, ba ya kammalawa sai wajen shekara biyar. Haka kuma likitocin dabbobi sun tabbatar ƙasusuwansa daga ƙafa suke fara ƙosawa, ƙashin baya ne na ƙarshe, sai shekara biyar zuwa shida. Ashe wurin da muka aza wa nauyinmu shi ne mafi ɗanyantaka a jikinsa.

Dattijon ya sa aka rataye sirdin shekara guda cur. Da ragama kawai yake jan dokin, da rani ya kai shi rairayin Binuwai ya zagaya da shi. Bayan haka ya yi wata guda yana ɗora masa jalala ita kaɗai, sannan sirdi ba mahayi, majayi a sassauce. Sai da aka ƙara wata biyu ya ɗora wani yaro marar nauyi, shi kuma yana riƙe da ragama. Sukuwa kam, ya hana sai da dokin ya haura shekara huɗu.

Wata rana haƙurinmu ya gaza, muka ce, "Baba, wai wata nawa ya rage?"

Ya yi murmushi ya ce, "Dokin za ka tambaya, Malam. Ranar da aka ɗaura masa sirdi ya ci gaba da cin harawarsa, ranar ya yarda. Mu Fulani munyal muke kiran wannan, wato haƙuri."

Hawan Sallah huɗu suka wuce mu muna cikin 'yan kallo, a na biyar muka shiga sahu lami lafiya. Sai dai tabon kwana goman nan bai goge ba. Har yau idan muka ja majayi, sai ya noƙe baya, ya kwantar da kunnuwa. Mukan sassauta, mu tsaya muna shafa wuyansa, har sai ya sake sa baki a harawa.