CHAMATKAR: Fim ɗin da tela ya ƙi rabuwa da shi

A WANI shagon ɗinki da ke cikin Fagge, ba nisa da Wapa, akwai wani tela da ya haura shekara hamsin, wanda yaran shagon sa su ka san shi da abu biyu: ba ya saɓa alƙawarin ɗinkin Sallah, kuma ba ya gajiya da kallon wani tsohon fim ɗin Indiya mai suna Chamatkar. Ya fara mallakar sa a kaset ɗin bidiyo, da kaset ya tsinke ya sayi faifan CD, yanzu kuma ya na cikin wayar sa.

Abin mamakin shi ne fim ɗin bai kai sahun su Sholay ko Mother India a bakin 'yan kallo ba. In ka ambace shi a majalisa, mutum biyu ko uku ne za su ɗaga kai. Amma fa waɗannan ukun, sai su bar abin da su ke yi su kama ba ka labarin tun daga farko.

Chamatkar ya fito a 1992, daraktan sa Rajiv Mehra, mai kiɗan kuma Anu Malik. A shekarar ne Shah Rukh Khan ya shigo finafinai da Deewana, don haka a nan za ka gan shi siriri, gashi ya rufe goshi, ba wanda ya san zai zama sarki. Ya fito a matsayin Sunder, wani saurayi ɗan ƙauye da abokin sa ya yaudara da alƙawarin aiki a Dubai. Ya tattara abin da ya mallaka ya ba shi, ya iso Bombay, aka kuma sace masa kaya. Da dare ya yi bai da wurin kwana, sai ya faɗa maƙabarta ya zauna a kan wani kabari ya na ta ƙorafi. Kwatsam sai mai kabarin ya amsa masa!

Mai kabarin shi ne Marco, wato Naseeruddin Shah, wani gawurtaccen ɗan daba da ya tuba saboda soyayya, sai yaron sa Kunta ya kashe shi, ya kuma ɓata masa suna a wurin matar sa da surukin sa. Shekara ashirin ya na jiran wanda zai ji muryar sa. Ba kowa ke ganin sa ba sai Sunder. Daga nan barkwancin ya ke tashi: yaro na tafiya a titi ya na gardama da iska, jama'a na ɗaukar sa taɓaɓɓe. Ga kuma Urmila Matondkar a matsayin Mala, yarinyar da Sunder ke so, wadda ashe 'yar Marco ce. Ka ga kenan saurayi na neman aure, suruki na biye da shi ba ya ganuwa.

To me ya haɗa telan Fagge da wannan shirme, kamar yadda wasu ke kiran sa?

A tsakiyar shekarun 1990, lokacin ya na ɗan ashirin da 'yan kai, wani mutum mai ofis a Sabon Gari ya yi masa alƙawarin biza da aikin ɗinki a Jidda. Ya sayar da keken ɗinkin da mahaifin sa ya rasu ya bar masa, ya haɗa da 'yan kunnen mahaifiyar sa, ya kai. Har sallama ya bi dangi ya yi. Ranar da aka ce ya zo ya karɓi fasfo, ya tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa, da wasu mutum huɗu a tsaye su na kallon juna. Kuɗin dai sun tafi. Abin da ya fi ciwo shi ne sunan da 'yan unguwa su ka liƙa masa: Ɗan Jidda. Ya yi watanni ba ya zama majalisa.

A cikin wannan halin ne wani abokin sa ya ja shi gidan kallo da daddare. A da can shi ɗan silima ne, bai da fashin Plaza a Fagge ko El Dorado a Sabon Gari, amma a lokacin ko kuɗin tikiti ba shi da su. Ya zauna a benci na baya, sai ga Shah Rukh a talbijin riƙe da adireshin bogi ya na neman abokin da ya gudu. Ɗakin ya fashe da dariya. Shi ma, karo na farko tun abin da ya faru, ya ji ya na dariya, alhali ya san da shi ake.

Nan sirrin fim ɗin ya ke. Bai ce wanda aka damfara wawa ba ne. Ya nuna shi mai zuciya ɗaya, ya kuma sa wannan zuciyar ce ta ba shi ikon jin abin da masu wayo ba su ji. Su biyun, rayayye da matacce, duk amana aka ci musu, kuma duk suna su ke nema su wanke. A ƙasar da talaka ke kai ƙara a ce ya dawo gobe, wa zai ƙi labarin da wanda aka zalunta ya samu mai tsaya masa ko da daga kabari ne?

Ba wai ba a yi masa ƙorafi. Wani maƙwabcin sa mai sayar da yadi ya sha ce masa, "Haba Malam, da girman ka? Wanda ya mutu ya mutu, ba ya dawowa. Wannan ai aƙidar su ce."

Shi kuwa sai ya ce, "Alhaji, ni ma na yi karatun allo. Na san mamaci ba ya dawowa. Amma da Gizo ya yi magana a tatsuniya, ka taɓa cewa kakar ka maƙaryaciya ce?"

Gaskiyar sa. Bahaushe bai taɓa rasa wurin ajiye irin wannan labari ba. Wasu 'yan kallon ma ba sa cewa fatalwa, aljani su ke kiran Marco, su wuce wurin. Su kan su Indiyawan aro su ka yi, domin ƙashin labarin ya yi kama da na Blackbeard's Ghost, fim ɗin kamfanin Disney na Amurka na 1968. Labarin da ya tashi daga Amurka ya bi ta Bombay ya sauka Fagge bai rasa masauki ba, lallai akwai abin da ya taɓo.

Fim ɗin na da nasa aibin. Dabarun kyamarar sa yau ko yaro mai waya zai yi dariyar su, kuma wasan kurket ɗin da aka rufe labarin da shi, inda Marco ke taya 'yan makaranta cin wasa don a ceci filin su, ya yi tsawo ga wanda bai san dokar wasan ba. Telan ma har yau bai san ta ba. Ya dai san lokacin da ya dace ya yi tafi.

Kwanan baya wani yaron shagon ya zo masa da zancen wani mai kai mutane Dubai, ya na neman rancen kuɗin fom. Bai yi masa faɗa ba. Ya miƙa masa wayar ya ce, "Ungo, ɗan nan, kalli rabin awa na farko, sannan mu yi magana."

Yaron ya kalla ya yi ta dariya, ya ɗago ya ce, "Oga, ai wannan sakarai ne."

Telan ya ci gaba da taka keke. Can ya ce, "Shi ya yi sa'a, ya samu fatalwa. Ni da na je Sabon Gari, kwaɗo kawai na samu."

Yaron ya yi shiru, ya mayar da fim ɗin farko.