Kwarashi da Zaren Ulu

Daga cikin kayan da ake kai wa mai jego a unguwannin Kaduna ta Arewa, kamar Kawo da Badarawa da Unguwar Rimi da Unguwar Shanu, da wuya a sami abin da ya kai maɗaurin kan jaririya ƙanƙanta. Ɗan zobe ne na saƙa, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, an ɗora masa ƙulli mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi. Duk da ƙanƙantarsa, akwai aikin da yake yi. Bisa al'ada, ranar suna wanzami kan aske wa jinjiri kai, saboda haka idan aka naɗe shi cikin zane, baƙo ba ya bambance mace da namiji. A da, hudar kunne da ɗan zaren da ake zurawa a ciki su ke ba da amsa. A yau maɗaurin kai ya shigo sahu, tun daga bakin ƙofa 'yar suna za ta hango shi ta ce, "Ashe mace aka samu. Allah ya raya."

A Unguwar Shanu akwai wata dattijuwa da ta yi suna a wannan saƙa. 'Ya'yan ƙannenta maza ne suka fara kiranta Goggo, har sunan ya bi ta, unguwa duka ta ɗauka. Ta koyi riƙon kwarashi ne a firamare, a darasin aikin hannu da ake yi wa 'yan mata, amma ba ta ɗauke shi sana'a ba sai da larura ta zo. Maigidanta ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kullum da sassafe yakan hau keke ya tsallake gada zuwa kudancin kogi. Tun daga 1957, lokacin da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, garin ya zama cibiyar saƙar zamani a Arewa, dubban gidaje suna ci daga jikin injuna. Daga baya ƙarancin wutar lantarki da tsufan injuna da kwararowar atamfofin waje masu araha suka durƙusar da masana'antar. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta bi bayanta a 2007. Da wannan guguwa ta iso gidan Goggo, sai ɗan ƙarfe mai ƙugiya, wanda tsawonsa bai kai taƙi ba, ya ɗauki nauyin cefane. Hular jarirai da safa da rigar sanyi, daga baya kuma maɗaurin kai, su ne suka biya kuɗin makarantar 'ya'yanta.

Ba a Kaduna aka fara ganin irin haka ba. Saƙar kwarashi ta bunƙasa ne a Turai a ƙarni na 19, kuma a lokacin babbar yunwar da ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, mata da yawa da ita suka tallafi iyalansu, suna saƙa leshi ana sayarwa a ƙetare. Dalilin a fili yake. Jarinta kaɗan ne, ba ta buƙatar rumfa ko wutar lantarki, kuma ana yin ta a tsakar gida, tukunya tana bisa murhu.

Wanda ya zauna kusa da Goggo tana aiki zai lura da cewa da awo take farawa. Takan ɗauki guntun zare ta zagaya kan jaririya da shi, ta goshi da ƙeya, ta ƙulla alama. Ma'aikatan asibiti sun san cewa kewayen kan sabuwar haihuwa yakan kai santimita 34 zuwa 35, ya kuma kai kimanin 45 idan yaro ya cika shekara. Goggo ba ta san waɗannan lambobi ba, amma tana da zaruruwa huɗu rataye a ƙusa, kowanne da tsawonsa: na ranar suna, na arba'in, na mai zama, da na mai tafiya. Idan ba a kawo yarinyar ba, sai ta tambayi watanninta ta zaɓi zaren da ya dace. Daga tsawon da ta auna takan rage faɗin yatsa, domin saƙa tana miƙewa.

Bayan awo sai ta yi zarge a bakin zare, ta zura kwarashi, ta riƙa jawo zare ta cikin zargen, ɗaya bayan ɗaya, har a sami abin da take kira sarƙa. Kowace gaɓa ta sarƙar kuwa ido take ce mata. Idan sarƙa ta kai tsawon awo, sai ta juya ta bi idanun nan, tana zura ƙugiya tana ɗauko zare, har ta kai ƙarshen layi. Layi 3 ko 4 sun isa. Daga nan sai ta haɗa bakin biyu da allura mai babbar kafa. Shi kuwa ƙullin daban take saƙa shi, ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu wanda tsawonsa ya ninka faɗinsa. Sai ta tsuke shi a tsaka, ta naɗe tsukin da zare, fukafukan su buɗe. A kan mahaɗar zoben take ɗinke shi don ya rufe ɗinkin, ta kuma ɓoye bakin zaren ta waje, ba ta ɓangaren da zai taɓa fata ba.

Tana da sharuɗɗa waɗanda ba ta sassautawa ko da ciniki zai ɓaci. Ba ta sa dutsen ado ko maɓalli, domin in ya ɓalle, baki jaririya za ta kai shi. Abin da ake sayarwa da sunan ulu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Kawo yawancinsa zaren roba ne na masana'anta, ba gashin tumaki ba, kuma yana riƙe zafi. Don haka da bazara takan koma zaren auduga, ta bar ulu sai hunturu. Idan ta gama, takan gwada a kan yarinyar, in yatsarta ba ta shiga tsakanin maɗauri da kai cikin sauƙi ba, warwarewa take yi. Ta san ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗuwa ba, maɗiga kuma ba ta rufewa sai yaro ya kai shekara ɗaya zuwa biyu. Duk uwar da ta zo karɓar kaya, da gargaɗi ɗaya take sallamar ta: "In za ta yi barci ki cire mata, 'yar nan. Ado don idon mutane ake yin sa, mai barci ba ta buƙatarsa." Likitocin yara ma abin da suke faɗa ke nan, saboda maɗaurin na iya zamewa ya rufe hanci ko ya sauka a wuya.

Wata 'yar ƙanen Goggo, wadda ta tashi a hannunta, ta sami shiga kwalejin ilimi tana karanta Hausa. Tun tana yarinya ta iya saƙar, amma da ta shiga kwaleji sai ta jingine ta, don a ganinta aikin waɗanda ba su yi nisa a boko ba ne. Da lokacin gwajin koyarwa ya yi, aka tura ta wata ƙaramar sakandare a Kawo, aka ba ta insha'i. Ta rubuta wa yara a allo cewa kowane rubutu yana da gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa, ta ba su kan magana, "Muhimmancin Ilimi". Abin da ya dawo mata layi uku-uku ne, kusan duk iri ɗaya, wasu ma kan maganar kawai suka kwafa. Ta sake, aka sake maimaita mata. Ga shi malamin da zai zo duba ta saura mako ɗaya, makin gwajin kuwa ba a samun takardar shaida sai da shi.

Wata rana da yamma tana duba littattafan a kan tabarma tana ta tsaki, sai Goggo ta tambaye ta abin da ya faru.

"Goggo, yaran nan ba su iya bayani ba."

"Bayanin me kika tambaye su?"

Ta faɗa mata. Goggo ba ta ɗaga kai daga saƙa ba ta ce, "To, ke kin taɓa ganin abin nan da idonki? Tambaye su abin da hannunsu ya taɓa, ki ji ko ba su da baki."

Ranar da mai dubawa ya zo, malamar ta shiga aji da faranti, a kansa akwai zare da kwarashi da allura da almakashi. Ta saƙa ɗan ƙulli a gabansu, ta sa su riƙa faɗin abin da hannunta ke yi, ita kuma tana tsayawa tana rubutawa a allo. A gefe ɗaya aikatau suka jeru: zura, jawo, tsuke, naɗe, ƙulla, warware. A ɗaya gefen kuma kalmomin da ke jera matakai: da farko, sannan, daga nan, bayan haka, a ƙarshe. Wasu yara maza suka fara gunagunin cewa aikin mata ne. Ta tuna musu cewa masaƙin gargajiya da ke fitar da saƙi namiji ne, sannan ta ce kowa ya rubuta yadda ake yin abin da ya iya. Aka sami mai facin taya, da mai suyar awara, da mai ɗinkin hula. Ba duka ne suka rubuta abin kirki ba, kuma mai dubawa ya rubuta mata cewa ta wuce lokaci, allonta kuma ya cunkushe. Amma wata yarinya da ke zama a baya, wadda ba a taɓa jin muryarta a aji ba, ta cika shafi ɗaya da rabi a kan kitso, mataki bayan mataki, ba tare da ta tsallake ko ɗaya ba.

Abin lura a nan shi ne, farantin nan bai ƙare a darasin insha'i ba. Ga mai nazarin harshe, tarihin cuɗanyar Hausawa da sauran al'ummomi ne a jere. Zare da saƙa kalmomin gida ne. Allura da almakashi daga Larabci aka aro su. Ulu da kwarashi kuwa daga Ingilishi suka zo, Ingilishin ma daga Faransanci ya aro ta biyun, inda asalinta ke nufin 'yar ƙugiya. Da kalmar ta shigo, Hausa ba ta bar ta yadda ta zo ba. Tsarin gaɓar Hausa bai yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba, saboda haka aka raba su da wasali, kalma mai gaɓa biyu ta koma mai uku: kwa-ra-shi. Ita kuwa saƙa ta haifi masaƙi da masaƙa da saƙi, ta kuma shiga salon magana. Mai zurfin tunani yana saƙa da warwara, mai ƙulla sharri kuma yana saƙa da mugun zare. Wato ke nan, aron kalmomi da tsarin gaɓa da ƙirar kalma da salon magana duk suna kan faranti ɗaya, wanda malamar ta shekara da shekaru tana tsallake shi a tsakar gida. Rashin sani, in ji Hausawa, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Akwai kuma dalilin da ya sa lamarin ya wuce na malama ɗaya. 'Yan matan da ke koyon saƙa a yau da yawansu daga wayar hannu suke koya, ta YouTube da makamantansa, su kuma tallata kayansu ta WhatsApp. Wannan ci gaba ne, ya buɗe musu kasuwar da Goggo ba ta taɓa samu ba. Sai dai yawancin darussan da Ingilishi ake yin su, don haka sunayen matakan ma da Ingilishi suke shiga bakinsu. Sarƙa da ido da zaren arba'in, a bakin irin su Goggo suke zaune, ba kasafai ake samun su a littattafan makaranta ba. Sana'ar da aka daina koyar da ita da Hausa, sannu a hankali Hausa takan rasa kalmomin bayyana ta, ko da kuwa Hausawa ne ke yin ta.

Saboda haka, ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa ya kamata ya san cewa kayan aikinsa ba su ƙare a littafin da gwamnati ta raba ba. Kafin ya shiga aji a garin da aka tura shi, ya zagaya ya ga abin da mutane ke yi da hannunsu, ya zauna da masu yi cikin ladabi, ya tambayi sunan kowane kaya da kowane mataki, ya rubuta yadda suka faɗa. Yaran da zai tarar a aji daga waɗannan gidaje suka fito, kuma abin da suka sani shi ne za su fara iya rubutawa.

Tambayoyi

1. Kawo matakan saƙa maɗaurin kai bi da bi, kamar yadda suka zo a wannan rubutu.
2. Waɗanne sharuɗɗa Goggo ke kiyayewa don lafiyar jaririya, kuma mene ne dalilin kowanne?
3. Yi bayanin yadda Hausa ta sarrafa kalmar kwarashi, sannan ka kawo ararrun kalmomi 5 da suka bi wannan hanya.
4. Zaɓi wata sana'ar hannu ta garinku, ka tattara kalmominta 20 daga bakin masu yin ta, ka tsara darasin insha'i a kanta.