Yadda sanyin Jos ya kwance tsanin gadon 'ya'yana

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ba sai an ba shi labarin sanyi ba. Garin yana kan tudu ne, kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma idan hunturu ya kankama akan wayi gari ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10. Mu iyaye mata mun san abin da muke fargaba a lokacin: mura, tari, ciwon haƙarƙari, faso da tsagewar leɓe. Kayan katako kuwa ban taɓa sa su cikin lissafi ba sai bara.

Yarana huɗu ɗaki ɗaya suke kwana, shi ya sa muka yanke shawarar yi musu gado mai hawa biyu. Maigida ya sayo katako a Kasuwar Katako ya kai wa wani dattijon kafinta na unguwarmu. Ni kuma ina da baƙi da za su zo bikin ƙanwata daga Kano, don haka kullum sai na aika a tambayo aiki. Rannan ya zo da kansa ya ce, "Hajiya, a ƙara mini kwana biyu, gam ba ya son wannan sanyin." Na ɗauka irin zancen masu sana'a ne. Na ce, "Baba, gobe nake so." Da magariba ya haɗa tsanin a rumfarsa da ba ta da ƙofa, ya bar shi ya kwana a kan siminti, da safe aka kawo.

Bayan mako uku 'yata mai shekara shida tana hawa, matakala ta uku ta zare daga raminta. Haɓarta ta bugi katako, jini ya wanke mata riga. Ɗinki uku aka yi mata a asibiti, likita ya ce mu sa mata ido kwana guda, idan ta fara amai ko barcin da ya wuce ƙa'ida mu dawo da ita nan take. Daren nan ban runtsa ba.

Washegari na ɗauki matakalar na tafi da niyyar faɗa. Baba bai yi mini musu ba. Ya sa farce ya kankare bakin itacen, sai ga farin gari yana zuba kamar alli. Ya ce gam ɗin da ya kama ba ya yin haka, garai-garai yake bushewa, kuma in ka tilasta raba shi, katakon ne zai tsage kafin gam ya saki.

Daga baya na fahimci dalili. Farin gam na kafintoci ruwa ne ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kama da roba. Idan katako ya tsotse ruwan, ƙwayoyin sai su manne da juna su zama fata guda mai ƙarfi. Amma sai da ɗumi suke yin laushin da za su haɗe. Cikin sanyi ruwan zai tafi, su kuma su tsaya a warwatse. Shi ya sa masu yin irin wannan gam da yawa suke cewa kada a yi aiki da shi ƙasa da wajen digiri 10, kuma ba iska kaɗai ake nufi ba, har da gwangwanin gam ɗin da shi kansa katakon. Abin da ya yaudare ni shi ne, a hunturu komai bushewa yake yi da sauri. Wankin da na shanya da hantsi kafin azahar ya bushe, sai na zaci gam ma haka ne. Ashe ya bushe ɗin, kamawa ce bai yi ba.

Da ya tashi gyara, sai ya kankare tsohon gam ɗin tas, ya shanya katakon da gwangwanin a rana, ya shafa da tsakar rana, ya matse, da yamma ya shigar da tsanin ɗakin kwanansa. Na ce ya kunna kaskon gawayi mana ya rufe ƙofa don ɗumi ya ƙaru. Ya girgiza kai ya ce hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake yi ba tare da mutum ya farga ba, shi kuwa a ɗakin yake kwana. Kwana biyu ya bar shi, ya kuma ƙara wa kowace matakala ƙusa. Bai karɓi ko kwabo ba, ni ma ban iya haɗa ido da shi sosai ba.

A makon na bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya ina jijjigawa. Kujerar da surukata take zama ta yi lazimi, wadda aka gyara cikin hunturun nan, na ga farin layi a gindin ƙafarta, na ɗauke ta. 'Yata kuma tabon yana nan a ƙarƙashin haɓa, kuma har yau a gadon ƙasa take kwana.