Ranar da gani ya kori ji a ɗakin tiyata

Gwaggona tana da tabo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, tsawonsa ya kusa taƙi guda, ya bi a karkace. Muna yara takan nuna wa mata 'yan'uwanta idan hira ta gangaro kan asibiti. Matsarmama aka cire mata bayan ta cika da tsakuwa. Ta yi fiye da mako a kwance, da roba a gefen cikinta tana ɗigar da ruwa, kuma abin da ta fi yawan ambata shi ne tari. Sai ta danne cikin da matashin kai, ta yi salati, sannan ta iya yinsa. Ba ta sake riƙe taɓarya ba sai bayan wata biyu.

Haka aikin ya kasance tun shekarar 1882, lokacin da Carl Langenbuch ya fara cire matsarmama a birnin Balin na Jamus. Fiye da shekara ɗari likitan fiɗa yana tsaga fata, ya ratsa tsoka, ya zura hannu. Yatsunsa su ne idonsa na biyu. Yana laluba tsakuwa, yana bambance jijiya mai harbawa da bututu mai laushi, yana jin inda kumburi ya manne abu da abu. Sai dai rabin wahalar majinyaci daga ƙofar da aka fasa take fitowa. Zafin rauni yana hana dogon numfashi, sai majina ta taru a huhu. Doguwar kwanciya tana daskarar da jini a ƙafa. Ɗinki kan yi ruwa, wani kuma bayan shekaru ya saki, ƙaba ta ɓullo a bakin tabon.

Tunanin leƙa ciki ta ɗan huji ya daɗe. Georg Kelling na Dresden ya gwada a kan kare a 1901, Hans Christian Jacobaeus kuma ya yi wa mutane a Suwidin a 1910. Amma likitocin mata ne suka riƙe sana'ar shekara da shekaru, manyan likitocin fiɗa suna kallon ta a wulaƙance. Da Kurt Semm, likitan mata a Kiel, ya cire afendis ta wannan hanya a 1980, har neman a dakatar da shi daga aiki aka yi. Erich Mühe ya cire matsarmama ta huji a watan Satumba na 1985 a garin Böblingen, ya kai labari gaban ƙungiyar likitocin fiɗa ta Jamus a shekarar da ta biyo, suka yi watsi da shi. Sai da Philippe Mouret ya yi nasa a Lyon ta Faransa a 1987, aka kuma samu ƙaramar kamara mai jefa hoto a allon talabijin, sannan abin ya kama kamar wutar daji. A 1988 ya isa Amurka, kafin shekara biyar kuma mafi yawan matsarmamar da ake cirewa a can ta huji ake fitar da ita.

Ga yadda ake yi. Bayan an sa majinyaci barci, sai a hura masa iskar kabon a ciki har fatar ta ɗago daga kan hanji, a samu fili. A huda wuri huɗu, babbansu bai wuce faɗin yatsa ba. Kamara ta shiga ta cibiya, dogayen almakashi da hantsaki su shiga ta sauran. Likita yana tsaye hannunsa a waje, idonsa a kan allo. Hausawa na cewa gani ya kori ji, suna nufin jin kunne. A ɗakin tiyata maganar ta faɗa kan ɗayan jin, na hannu. Yatsun da suka yi ƙarni suna laluba ciki an bar su a bakin ƙofa.

Ba na raina abin da aka samu. Wanda da zai yi mako a gado ya koma gida washegari, ya koma kasuwa ko ofis bayan mako ɗaya ko biyu. Ruɓewar rauni ta ragu, ciwon huhu bayan aiki ya ragu. Duk wanda ya taɓa jinyar mai dogon ɗinki ya san girman wannan rahama. Majinyata da kansu suka riƙa neman a yi musu sabon aikin, asibitoci suka shiga tsere, kamfanonin kayan aiki suka shirya kwasa-kwasan kwana biyu ko uku inda likita zai koya a jikin alade, ya koma gida ya fara a jikin mutum. A nan ne sauri ya haifi nawa.

Matsalar ta fi taruwa a wuri guda, wurin da bai kai tafin hannun jariri ba. Hanta tana yin ruwan nan mai ɗaci, ya gangaro ta wata babbar magudana zuwa hanji. Matsarmama rumbu ce a gefen hanya, wani ɗan siririn bututu ya haɗa ta da magudanar. Aikin likita shi ne ya ɗaure siririn ya yanke, ya bar babbar lafiya lau. To idan aka kama matsarmama da hantsaki aka ja ta sama, sai bututun biyu su miƙe a layi ɗaya, a allo su zama kamar abu guda. Likita ya danna ƙarfen ɗauri, ya yanke, zuciyarsa a kwance, alhali babbar hanyar ya datse. Sau da yawa ba a ganewa sai bayan kwanaki, lokacin da majinyaci ya dawo da kumburin ciki da zazzaɓi, ko idonsa ya yi rawaya da shawara. Gyaran babban aiki ne, a ɗauko hanji a ɗinka shi a gindin hanta, kuma wani yakan yi sauran rayuwarsa yana zaryar asibiti. Mutumin da ya shiga da ƙafarsa don a cire masa 'yar tsakuwa ke nan.

Tsohon aikin ma yana da wannan hatsari. Anthony Eden, yana ministan harkokin wajen Birtaniya, an ji masa rauni a wannan magudanar a 1953, sai da aka kai shi Boston aka gyara, kuma zazzaɓin bai rabu da shi ba har zamanin rikicin Suez na 1956. Amma a aikin tsaga ciki ana samun irin wannan rauni sau ɗaya ko biyu ne cikin dubu. Da sabon aikin ya zo, adadin ya ninka biyu zuwa uku. Wani rahoto da likitocin kudancin Amurka suka fitar a 1991 a kan aiki 1,518 ya nuna inda gizo yake saƙa: cikin majinyata 13 na farko da kowane rukunin likitoci ya yi wa aiki, raunin ya kai kashi 2.2 cikin ɗari, bayan nan ya sauko zuwa kashi 0.1. Wato waɗanda aka koyi hannu a jikinsu su suka biya kuɗin makarantar. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tarihin nan gaba ɗaya, domin da wuya a ce an gaya wa ɗayansu cewa shi ne na uku ko na bakwai. A 1992 hukumar lafiya ta jihar New York ta gindaya sharaɗin sai likita ya yi aiki 15 ƙarƙashin kulawar gwani kafin a sakar masa mara.

Ƙwarewa kaɗai ba ta kawar da matsalar ba. A 2003 Lawrence Way da abokan aikinsa suka bi diddigin raunuka 252, suka gano cewa a kashi 97 cikin ɗari ido ne ya yaudari likita. Hannunsa bai karkace ba, iliminsa bai gaza ba, abin da ya gani ne ya yarda da shi. Maganin da ya fi karɓuwa ya fito daga Steven Strasberg a 1995, kuma magani ne na ladabi: kada ka ɗaure komai, kada ka yanke komai, sai ka share kitse da tantani, ka ɗage gindin matsarmama daga jikin hanta, ka ga abu biyu rak suna shiga cikinta, bututu da jijiyar jini. In kumburi ya hana ka ganin haka, ka tsaya. Ka cire abin da ya ciru ka bar saura, ko ka tsaga cikin irin na da. Ni dai likitan da ya fito ya ce wa dangi, “Na fara ta huji, na ga duhu, sai na buɗe,” ya fi kwanta mini a rai a kan wanda bai taɓa buɗewa ba.

Akwai sauran hatsarurruka. Allurar hura iska ko ƙarfen huji na farko, da yake a makance suke shiga, kan soki hanji ko babbar jijiya. Wutar ƙona jijiyoyi kan lashi hanji a inda kamara ba ta kallo, wurin ya fashe bayan kwanaki. Ciwon kafaɗa kuwa da mutane ke tsorata da shi, iskar da ta saura ce take taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma yana wucewa da kansa.

Abin mamaki, sai bayan aikin ya gama duniya aka zauna aka auna shi da kyau. A Sheffield a 1996 aka raba mutum 200 gida biyu, wasu huji, wasu ɗan gajeren tsagi, aka rufe cikin kowa da bandeji iri ɗaya don kada ma'aikatan jinya su gane. Kwanakin asibitin suka zo kusan ɗaya. A kansar babban hanji, babban gwajin da aka buga a 2004 ya wanke sabuwar hanyar daga zargi. A kansar bakin mahaifa kuwa, gwajin 2018 ya nuna cutar ta fi dawowa ga waɗanda aka yi wa ta huji, likitoci da yawa suka koma tsaga ciki.

A wajenmu maganar ta fi shafar masu sikila, domin yawan fashewar ƙwayoyin jini yana tara musu tsakuwa tun suna ƙanana, kuma jikinsu bai son dogon rauni da doguwar kwanciya. 'Yar ƙanwata na cikinsu. Da lokacin aikinta ya zo, na tambayi likitan sau nawa ya yi, da abin da zai yi in wuta ta ɗauke ko hoton ya rikice. Bai ji haushi ba, ya ce kayan tsaga ciki suna shimfiɗe a gefe tun kafin ya fara. Ya kuma ja mana kunne cewa ƙanƙantar raunin waje kada ta ruɗe mu, aikin ciki bai ragu da komai ba. In ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko amai, ko zazzaɓi, ko ido ya canza launi, mu dawo da ita ko da tsakar dare ne.

An sallame ta a kwana na biyu. Mako guda ina zuwa gidan da sassafe, in ja ta bakin ƙofa inda haske yake, in ce ta kalli sama, in duba farin idonta. Ran nan na tarar da Gwaggo zaune a bakin gadon, ta ɗaga rigar yarinyar tana shafa filasta huɗun nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

“Yanzu ta ina suka fitar da ita?” ta ce.

“Ta cibiya, Gwaggo, a cikin 'yar jaka.”

Ta yi shiru, ta kai hannu ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, sannan ta ce a kawo wa yarinyar kunu.