Ɗigo Uku a Cikin Duhu



Wata asuba, wajen ƙarfe biyar, saƙo ya shigo wayarmu daga Yayanmu da ke zaune a birnin Houston na jihar Texas a Amurka. Can kuwa sha ɗaya ne na dare. Hoto ne ya turo, baƙi ƙirin, babu komai a cikinsa sai ɗigo uku kore shar a jere. A ƙasa ya rubuta: "Canki-canka." Muka ce masa in dai ba mage mai ido uku suka ƙera a can ba, to mun kasa. Sai ya kira yana dariya, ya ce saitin ƙaramar bindiga ne, irin mai haske a duhu, a shagon masu sayar da makamai ya ɗauki hoton.

Dariyar ba ta daɗe ba. Yaya aikin dare yake yi a kantin wani gidan mai. Makonni kaɗan kafin wannan hira an yi wa wani kanti da ke kusa da su fashi, hankalinsa ya tashi, ya je ya sayi ƙaramar bindiga. Yana da takardar zama ta dindindin, kuma tun watan Satumba na 2021 dokar Texas ta ba wanda ya kai shekara 21, in ba shi da wani laifi da ya hana shi, damar ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Mai shago ya ce in zai ƙara dala 120 za a cire masa saitin da bindigar ta zo da shi a ɗaura mai haske. Yaya ya ce, "Kai da ka yi difiloma a kan aikin ɗakin gwaje-gwaje, tambayoyi biyu gare ni. Wannan hasken ba zai sa mini cuta ba? Kuma ya cancanci kuɗin?"

Tambayar farko ba ta ba mu wuya ba. Ta biyun ce ta hana mu barci.

Bari mu fara da bayanin abin, don wanda bai taɓa kula da shi ba. A saman ƙaramar bindiga akwai 'yan ƙarafuna biyu. Ɗaya ɗan tsini ne a kusa da baki, ɗayan yana baya, da tsaga a tsakiyarsa. Mai harbi yana daidaita tsinin gaba a cikin tsagar baya, sannan ya ɗora su a kan abin da yake nufi. Wannan shi ne saiti. Matsalar ita ce ƙarafunan baƙaƙe ne, da duhu ya yi sai su ɓace wa ido. Don haka masu ƙera makamai suka nemi dabarar sa musu haske, kuma dabarun iri uku ne.

Na farko fenti ne mai shan haske, irin na carbin nan da muke gani yana ƙyalli in an kashe fitila. Sai an haska shi tukuna, kuma haskensa yana raguwa da sauri. Bindigar da ta yini a cikin kube ko akwati ba ta sha haske ba balle ta bayar. Na biyu wani siririn zaren roba ne mai tattara hasken da ke wurin ya fito da shi a bakinsa. Da rana kamar garwashi yake, amma da yake aro yake yi, in duhu ya yi shi ma ya mutu. Na uku shi ne wanda Yaya ya turo: ɗan mitsitsin bututun gilashi da aka cika da iskar tiritiyum, wani nau'i na haidurojin mai fitar da tururin nukiliya mara ƙarfi. An shafe cikin gilashin da wata hoda wadda ke ƙyalli duk lokacin da wannan tururi ya taɓa ta. Ba ya buƙatar batir, ba ya buƙatar rana. Kamfanoni irin su Trijicon na jihar Michigan sun daɗe suna wannan sana'a. An fi yin sa kore saboda idon ɗan Adam ya fi saurin kama launin kore.

Game da cuta, mun kwantar wa Yaya da hankali. Tururin tiritiyum ba ya iya keta gilashin da ke riƙe da shi, ko fatar jikin mutum ma ba ya ketawa. Ya sha bamban da fentin radiyum da aka riƙa shafa wa agogo a Amurka a shekarun 1920, wanda ya kashe wasu daga cikin 'yan matan masana'anta saboda suna lasar bakin buroshi don ya yi tsini. Sai dai tiritiyum yana tsufa. Duk bayan shekara 12 da 'yan watanni rabinsa ne ke saura, bayan kamar shekara 25 sai kashi ɗaya cikin huɗu. Ke nan wanda ya saya yau, ya san wata rana zai sake saye.

To, saura tambayar kuɗi. Nan ne muka zauna da takarda da biro, muka raba dare gida uku.

Akwai daren da fitilu ke ci, kamar harabar gidan man da Yaya ke aiki, inda haske ya wadata har a tsinci allura. A nan saitin da aka saba da shi ma ana ganinsa, ɗigon kore bai ƙara komai ba. Akwai duhun da ko tafin hannu ba a gani. A nan ɗigon yana ci tar, amma abin da ke gaban bindigar yana nan a ɓoye yadda yake, domin hasken bai kai ya haska ko yatsan mai riƙon ba. Sai na tsakiya, wanda shi ne ainihin kasuwar wannan kaya: mutum yana tsaye a cikin inuwa, wanda ya kawo masa hari yana wurin da ɗan haske ya nuna fuskarsa da abin da ke hannunsa. A irin wannan hali ana ganin maharin, ba a ganin saiti, kuma ɗigo ukun nan za su yi rana. Akwai kuma ƙaramin amfani na biyu da masu shi ke faɗa, cewa yana nuna wa mutum inda bindigar take da inda bakinta ya fuskanta in ya farka cikin dare.

Wannan amfani gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma ƙofarsa ƙarama ce. Harin da ake kai wa mai kanti ko mai tafiya a ƙafa yawanci a kusa yake faruwa, taku kaɗan tsakani, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idon mutumin da tsoro ya kama kuwa kan abin tsoron yake kafewa, da wuya ya dawo kan wani ɗan ƙarfe, sai in ya sha horo har abin ya zama masa jiki. Kuma in mutum ya haska tocila mai ƙarfi, ƙarafunan saitin sukan fito baƙaƙe sarai a gaban hasken, ɗigon ma ya dushe.

Muna cikin wannan lissafi ne wani dare ya faɗo mana a rai, daren da duk gidanmu ba mai son tuna shi.

Ranar 28 ga Mayu, 2011 ce, ranar da Barcelona ta ci Manchester United uku da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Muna yara a lokacin, a gidanmu na Funtuwa. A 'yan kwanakin ɓarayi sun addabi unguwa, sun haura gida biyu a layinmu. Baba yana da tsohuwar bindigar toka da ya gada wurin Kaka, wadda ta daɗe a rataye, sai ga shi ya sauko da ita ya ɗura. A daren an ɗauke wuta, babu farin wata, ga hadari ya haɗu. Sha biyu ta gota muka ji ƙasa na zubowa daga katangar bayan gida, sannan muka ji dirar mutum, tim!

Ta tagar ɗaki muka hango Baba ya fito tsakar gida. Muna jin lokacin da ya ɗana kunamar bindigar. Can wajen turken awaki ga wata inuwa a duƙe, tana laluben wani abu a ƙasa. Tsakaninsu bai fi taku goma ba, ko makaho ba zai kuskure ba. Inna tana bayansa da tocila mai batir uku, hannunta na rawa har ta kasa samun makunnin. Baba ya daka tsawa, "Wane ne nan?" Shiru. Ya sake, "Na ce wane ne?" Daidai nan tocilar ta kama.

Yaya ne. Ya tsaya musun ƙwallo a gidan kallo har dare ya raba, ya tarar an kulle zaure, tsoron faɗan Baba ya sa ya hauro. Takalminsa ɗaya ne ya fita yake nema. Tsawar ta sa harshensa ya sarƙe, sai da haske ya dalle masa ido sannan ya iya cewa, "Baba, ni ne, don Allah ni ne."

Baba bai dake shi ba, bai ko zage shi ba. Jingina bindigar ya yi da bango, ya zauna a kan turmi, ya daɗe bai ce uffan ba. Washegari da safe ya tafi bayan gari ya juye ɗurin, bindigar ta koma inda take rataye. Har ya rasu ba mu sake ganin ta a hannunsa ba.

Da a ce bindigar Baba tana da ɗigo uku masu haske a wannan dare, me za su ƙara masa? Za su gyara masa hannu, harbin ya tafi daidai ƙirjin ɗansa na fari. Abin da ya rasa a lokacin shi ne sanin wanda ke gabansa, kuma tambaya da tocilar Inna ne suka ba shi.

Kada a ce wannan sha'anin tsohuwar bindiga ne da mutanen da ba su da horo. Ranar 6 ga Satumba, 2018, a birnin Dallas, cikin jihar da Yaya yake, wata 'yar sanda mai suna Amber Guyger ta taso daga aiki, ta yi kuskuren hawa bene, ta shiga gidan maƙwabcinta Botham Jean tana zaton nata ne. Ta ce inuwar mutum ta gani a cikin duhu ta ɗauka ɓarawo ne. Ta harbe shi ya mutu, yana ɗan shekara 26, a cikin falonsa. A 2019 kotu ta ɗaure ta shekara 10. Haka a Afirka ta Kudu, ranar 14 ga Fabrairu, 2013, ɗan tseren nan Oscar Pistorius ya yi harbi huɗu ta ƙofar banɗaki a rufe, ya kashe budurwarsa Reeva Steenkamp, ya ce ya zaci ɗan fashi ne, kotu kuma daga baya ta same shi da laifin kisan kai. A duka biyun harsashi ya sami wanda aka nufa. Shi ya sa cikin ƙa'idoji huɗu da masu koyar da harbi a Amurka ke maimaitawa, waɗanda ake dangantawa da Jeff Cooper, akwai wadda ke cewa mutum ya tabbatar da abin da zai harba da abin da ke bayansa.

Tsoronmu da ɗigon kore ke nan. Yana iya sa wa mai shi jin cewa ya shirya wa duhu, alhali rabin matsalar duhu kawai ya warware, kuma ƙaramin rabin.

Da muka kira Yaya, sai muka fara da tambayar su wa ke shiga gidansa da dare. Ya ce matarsa takan tashi ɗumama wa jaririya madara, kuma ƙanenta da ke karatu yana da makulli, wani lokaci sai ɗaya na dare yake dawowa daga aiki. Muka ce, "Yaya, ka tuna takalminka?" Ya yi shiru har muka zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Na tuna. Har yau ina jin ƙarar kunamar nan."

Shawarar da muka ba shi a jere take. Ya fara sayen tocila mai ƙarfi wadda za ta zauna a aljihunsa kullum, domin da ita zai iya duba motsi ba tare da ya nuna wa kowa bakin bindiga ba. Ya sayi akwatin ƙarfe mai kulle, tun kafin yarinyar ta fara rarrafe. Ya biya kuɗin horo a wurin ƙwararru, har da na harbi cikin ƙarancin haske, ya kuma san abin da dokar jiharsa ta ce game da kare kai. A gida a yi ƙa'ida, duk wanda zai shigo bayan an kwanta ya kira waya ko ya yi sallama da ƙarfi tun daga ƙofa. In an gama waɗannan kuɗi ya ragu, to ya ɗaura saitin, ko da na gaba kaɗai ne, don ya fi araha kuma shi ido ke nema. Ba asara ba ce, amma shi ne na ƙarshe a layi.

Mu a nan gida wannan ciniki bai shafe mu kai tsaye ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta sa ƙananan bindigogi cikin makaman da aka haramta wa jama'a sai da izinin shugaban ƙasa. Amma duhu da tsoro kam muna da su, muna da 'yan sintiri, muna da gora da adda a bayan ƙofa, muna kuma da samari masu haura katanga saboda tsoron faɗa. Dare rigar mugu ne, gaskiya ne, sai dai ɗan gida ma ita yake sawa in ya makara.

Bayan mako biyu Yaya ya sake turo hoto. Wannan karon tocila ce baƙa, tsawonta bai fi tafin hannu ba, tana ajiye a kan wani ɗan akwatin ƙarfe. Ya ce saitin yana nan a shago, sai albashin wata mai zuwa in an ga hali. Ya ƙara da cewa mu nuna wa Inna hoton. Muka kai mata, ta ɗaga wayar nesa da ido ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ku gaya masa ya riƙa duba batirin. Tawa saura kaɗan ta ƙi kamawa."

Allah Ya tsare mu da namu.