Fitilar da Kawu Ya Liƙe

Hutun bara ban zauna gida ba. Na zama karen motar kawuna, mai tsohuwar Hilux da ke jigilar ƴan kasuwa tsakanin Gidigir, Gure da Damagaram.

Bayan damina motar ta ɓullo da wani hali. In kawu ya zo tsayawa a hankali, sai birki ya dinga karkarwa ƙarƙashin ƙafarsa, motar ta ƙara gaba kaɗan. Ran nan a bakin kasuwa saura ƙiris mu hau amalanken wani yaro. Bayan kwana biyu fitilar ABS ta kama, karkarwar ta ɓace. Kawu ya ce: "Alhamdu lillahi, ta warke da kanta." Ya yanko baƙin salatif ya liƙe fitilar.

Ni dai hankalina bai kwanta ba, don mutum goma sha muke lodawa a baya. Amma yaya ɗan lakol zai gyara wa wanda ya shekara ashirin kan sitiyari? Sai na bi ta wajen inna, ita ta yi masa magana.

A Damagaram wani makanike ya jona na'urarsa, ta nuna ƙafar gaba ta dama. Ya ɗaga motar, ya zaro wani abu kamar ɗan yatsa daga bayan taya.

"Ka gani, ƙanena? Maganaɗisu ne. Akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da taya, shi kuma yana ƙirga su, yana gaya wa kwamfutar mota gudun ƙafar."

Bakinsa duk garin ƙarfe da laka. Da ƙirgen ya rikice, kwamfuta ta ɗauka tayar ta kafe tana jan ƙasa, shi ya sa take sassauta birki. Daga baya wayar, wadda ta daɗe tana goguwa, ta tsinke. Sai kwamfutar ta janye hannunta ta kunna fitila. Birki na nan, amma ranar da aka taka da ƙarfi kan kwalta, tayoyi na iya kafewa sitiyari ya ƙi jin magana.

Ya goge, ya haɗa waya, fitila ta mutu.

A hanyar dawowa kawu bai ce mini uffan ba. Sai da muka wuce Gidimuni ya miƙo mini makulli ya ce: "Gobe da asuba kai za ka tada ta. Ka duba fitilun duka."